Dashen Babban Inji a Mota

Dashen babban inji shi ne a sauke injin da mota ta zo da shi daga kamfani, a ɗora mata wani da ya fi shi girma ko ƙarfi. Ya bambanta da sauyin da aka saba, inda inji ya yi nokin a sayo irinsa sak cikin injinan Beljiyam a mayar. A garejojin Katsina da Daura, masu neman wannan aiki galibi masu haya ne da masu lodi, waɗanda suke son mota ta ja kaya ba ta nishi. Injinan kuwa daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas akan sayo su.

Golf 3, wadda Volkswagen ya fara fitarwa a 1991 kuma ta cika tashoshin jihar Katsina, ita ce misali mafi kusa. Mai inji lita 1.8 tana ba da ƙarfin doki 90, mai 2.0 tana ba da 115, VR6 mai lita 2.8 kuwa 174. Daga 1.8 zuwa 2.0 aiki ne mai sauƙi, domin dangi ɗaya ne, mazaunin inji da bakin giyabos sun dace. VR6 wata magana ce dabam. Bakinsa ba ya haɗuwa da giyabos 020 na ƙananan injina, sai an kawo 02A na VR6 ɗin, wanda kulocinsa da mai yake aiki ba da waya ba. Kamfanin da kansa bai tsaya kan inji ba: ya ba wannan samfurin taya mai noti 5 maimakon 4, da faifan birki mafi faɗi. Duk abin da kamfani ya ga dole ya sauya, bakanike ba shi da hujjar tsallake shi.

Awo da zaunarwa

Kafin a biya kuɗin inji ana auna tsawo, faɗi da zurfin ɗakin inji. A bar tazarar akalla santimita 2 tsakanin inji da jikin mota, saboda inji yana jijjiga a kan robobinsa duk sanda aka taka totur. Kaskon baƙin mai shi ne ya fi kawo cikas. Idan ya sauko ƙasa da shasi, rami ɗaya a hanyar ƙauye ya isa ya fasa shi, mai ya tsiyaye, inji ya ƙone kafin direba ya ankara. Mazaunin inji da mai walda zai ƙera dole ya zauna a kan roba. Wanda aka liƙe da ƙarfe zalla yana tsaga shasi a hankali. A motoci masu farfela, irin su Hiace da Peugeot 504, kusurwar gaɓar farfela kada ta wuce digiri 3, in ba haka ba mota ta riƙa kaɗawa a guje, kuros, wato mahaɗin gaɓar farfela, ya riƙa mutuwa.

Zafi

Nan ne yawancin dashe yake lalacewa a wannan yanki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin fetur zafi ne da ruwan inji yake kwashewa, don haka inji mai ninkin ƙarfi yana bukatar lagireto da fanka daidai da shi. Motar da ta yi gwaji lafiya a sanyin hunturu tana iya tafasa a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina yake haura digiri 40, musamman da lodi a hanyar Daura ko Jibiya. Abin da ke biyo baya sananne ne: gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe, ruwa ya gauraya da baƙin mai.

Al'adar cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, da ɗaure fanka kai tsaye ba magani ba ce. Injin zamani an tsara shi ya yi aiki a wajen digiri 90. Idan bai kai ba, birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, yana ɗauka inji bai ɗumama ba, sai ya yi ta ƙara fetur, fulogi ya yi baƙi, shan mai ya ƙaru.

Waya da fetur

A sayi inji tare da birenbos ɗinsa, da wayoyinsa cikakku ba yankakku ba, da makullinsa idan yana da na'urar hana sata. Idan babu makullin, inji zai tashi ya mutu cikin daƙiƙa biyu, ɗan waya ya yi ta lalube a banza. Famfon fetur ma sai an sauya. Golf 1.8 mai nozul ɗaya tana aiki da matsin fetur bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), VR6 kuwa yana son bar 3 zuwa 4. Ƙarancin fetur a guje yana ƙona bawul da fistin.

Birki da nauyi

Masu mota sukan ƙi kashe kuɗi a nan domin ba a ganinsa, alhali rai ne a ciki. Aikin birki yana ƙaruwa da ninkin gudu sau kansa: tsayar da mota daga kilomita 140 a awa ya kusa ninka tsayar da ita daga 100. Ƙaramin faifai yana ɗaukar zafi, man birki ya tafasa, feda ta nutse. Nauyin da ya ƙaru a gaba kuma yana danne sufurin da shokozoba, ya sa mota ta ƙi bin sitiyari a kwana. Ana sauya faifai, kalifa, sufurin da shaf na taya tare da inji, ba daga baya ba.

Takardu

Lambar inji tana cikin takardun mota. Bayan dashe a riƙe rasidin sayen injin, a je ofishin lasisi a gyara lambar, a kuma sanar da kamfanin inshora. Saɓanin lamba yana jawo tsaiko a hannun jami'an duba motoci (VIO) da 'yan sanda, kuma ga mai tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram yana iya sa a tsare motar bisa zargin sata.