Waiwaye: yadda aika kuɗi ya tashi daga tashar mota zuwa salula a Tawa

Jihar Tawa ta daɗe tana rayuwa da kuɗin da ake aiko mata. Da an gama girbi, samarin Adar sun kama hanya, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya ko Yamai, abin da suka samo kuma shi ke riƙe gidaje har faɗuwar damina. Shi ya sa a nan maganar hanyar aika kuɗi ta fi ƙarfin hirar 'yan boko.

Kafin salula hanyoyin ba su da yawa. Akwai manda ta gidan waya, mai jinkiri, wadda ba ta wuce manyan garuruwa. Akwai ɗan gari mai komawa gida, a ɗaure masa kuɗin mutum goma cikin ambulan. Akwai direban mota. Sai 'yan kasuwa masu shago biyu: ka ba ɗan'uwan ɗan kasuwa sefa a Abijan, shi ɗan kasuwan kuma ya ƙirga wa iyalinka a kasuwar Tawa, su daidaita lissafinsu da kaya. Wannan ta ƙarshen ita ce uwar duk abin da ya biyo baya, domin a cikinta kuɗi ba sa tafiya, saƙo ne ke tafiya.

Kamfanin salula na Celtel ya kunna layinsa a Yamai a 2001, sannu a hankali eriyoyi suka bi manyan kasuwanni. Abin da salula ta fara gyarawa shi ne farashin hatsi. Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki daga Amurka, ta bi kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya shiga, tazarar farashin gero tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dillali ya daina hawa mota don jin nawa ake sayar da buhu a Ƙwanni. Hanyar 'yan kasuwa masu shago biyu ma ta ƙara sauri, tun da kira ɗaya ya isa a ce "ba wane jaka 50".

A 2007 M-Pesa, tsarin aika kuɗi ta salula, ya fito a Kenya, kamfanonin sadarwa suka ga kasuwa. Celtel, wanda a lokacin ya koma Zain, ya shigo da Zap Nijar a farkon 2010, Orange Money ya biyo baya, Moov ya kawo Flooz. Gwaji mafi girma na farko kuwa a jihar Tawa aka yi shi. Bayan farin 2009, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafi na kimanin jaka 22 kowane wata har wata 5, akasari ga mata. An bi ƙauyuka 96 an kasa su uku: wasu an ba su kuɗi a hannu, wasu kuɗi a hannu da kyautar salula, wasu kuma kuɗin ya zo musu ta Zap. Matan da suka karɓa ta Zap sun rage tafiya da zaman layi, abincin gidajensu ya fi yawan iri, 'ya'yansu sun fi samun ci. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba in ana yabon wannan gwaji. Kusan kowa cire kuɗinsa yake yi gaba ɗaya da zarar sun shigo, kuma kaɗan ne suka ci gaba da amfani da asusun don wani abu daban.

Shekaru bakwai bayan haka lamarin bai yi nisa ba. Ƙididdigar Findex ta Bankin Duniya ta 2017 ta nuna manya 9 cikin 100 ne ke da asusun kuɗi na salula a Nijar, a Kenya kuwa 73 ne.

Ana yawan ɗora laifin a kan rashin karatu, kuma da gaskiya a ciki. Kusan mutum ɗaya cikin uku ne na manya ke iya karatu, jerin zaɓin da ke fitowa in an danna tauraro da lambobi kuma da Faransanci yake. Tsohuwa za ta miƙa wa yaro ko mai shago wayar, ta faɗa masa lambar sirri, daga nan sirri ya ƙare. Amma a ganinmu babbar matsalar tana cikin akwatin wakili, kuma ta lissafi ce.

Ga yadda aikin yake. Wakili yana zuba tsabar kuɗi wa kamfani, a ba shi daidai adadinsu a layinsa. Idan mutum ya zo ajiya ko aikawa, wakili ya karɓi takardun kuɗi, na layinsa su ragu. Idan mutum ya zo cirewa, takardun kuɗi su fita, na layi su ƙaru. A Yamai ko Maraɗi masu aikawa da masu cirewa suna cakuɗe, sai akwatin ya riƙa cika kansa. A ƙauyen Keita ko Buza kuwa kusan kowa mai cirewa ne. A ɗauka wakili ya buɗe shago da jaka 300 a ranar kasuwa. Mutum shida su zo, kowa jaka 50, kafin azahar akwati ya bushe, layinsa cike da kuɗin da ba su da amfani ga na bakwai. Kafin ya mayar da su tsaba sai ya rufe shago, ya biya kabu-kabu zuwa inda babban dila ko banki yake, ya dawo da kuɗi a jiki ta hanyar da ba kullum take da tsaro ba. Ladan da zai samu a kan cirewa shida sau da yawa ba ya biyan wannan tafiya. To sai ya ce wa na bakwai "babu rezo", ko ya ce ya cire rabi. Mutumin da aka maido sau biyu ba ya komawa, kuma zai gaya wa ɗansa da ke Abijan ya sake hanya.

Hanyar da aka sake ita ce ta kamfanonin kanta, wato masu ofisoshin aika kuɗi: BNIF Afuwa, Al Izza, Nita, daga baya Amana da wasunsu. Ba su nemi kowa ya buɗe asusu ko ya haddace lambar sirri ba. Mai aikawa ya je da katin ɗan ƙasa, ya faɗi sunan mai karɓa da garinsa da lambar wayarsa, ya biya kuɗin da ladan aiki, a ba shi rasit da kod. Mai karɓa ya je reshen garinsu da katinsa da kod ɗin, a ƙirga masa. Ma'aikacin kanta ne ke danna kwamfuta. Abin da ya fi muhimmanci, rassan na kamfani ne, shi ke da alhakin kai musu tsaba, yana kuma ganin lissafin dukkansu, ya san reshen da ke tara kuɗi da wanda ke zubarwa. Nauyin da aka bar wa ƙaramin mai shago a tsarin salula, a nan kamfani ya ɗauke shi. Ba mamaki rassa da yawa suna bakin tasha, wasu kamfanonin ma suna da motocin sufuri da suna ɗaya. Kasancewar Abijan, Kwatano, Lome da Wagadugu duk sefa ɗaya suke ci ƙarƙashin babban bankin yankin, BCEAO, ya sauƙaƙa musu buɗe rassa can ba tare da rigimar canji ba. Najeriya ce ta fita daban, har gobe 'yan canjin Ƙwanni ne ke riƙe da wannan ɓangare.

Kanta ma tana da nata cikas. Mafi yawa shi ne suna: a rubuta Mamman, a kati kuma Mahamadu ne, sai mai aikawa ya koma ya gyara. Mata da yawa a karkara ba su da kati, sai a aika da sunan ɗa ko maƙwabci, wani lokaci kuɗin su iso da giɓi. Ga 'yan damfara masu turo saƙon ƙarya su ce sun yi kuskuren lamba a mayar musu, ko su kira su ce daga kamfani ne a faɗi kod. Gab da sallah da lokacin shuka layi yana tsawo, ƙananan rassa kan ƙare da tsaba kafin la'asar.

Su kuwa kamfanonin sadarwa hankalinsu ya rabu a waɗannan shekaru. Zain ya koma hannun Airtel na Indiya a 2010, Moov ya koma hannun Maroc Telecom a 2015, an haɗe Sonitel da SahelCom suka zama Niger Telecom a 2016. A ƙarshen 2018 hukumar haraji ta rufe ofisoshin Orange da na Airtel a Yamai kan bashin haraji, a 2019 Orange ya sayar da kamfaninsa ga 'yan kasuwa, ya zama Zamani. Kamfanin da ke neman mai saye ba ya zuba jari a akwatin wakilin ƙauye.

Dokar BCEAO ta 2015 ta tsara fagen: duk tamma ɗaya da ke cikin salula dole a sami takwararta ajiye a banki, kuma asusun mutum ɗaya ba ya wuce miliyan 2. Wannan sharaɗi yana kare mai ajiya, amma yana nufin in banki ya rasa tsaba, kowa ya rasa. An ga haka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO da UEMOA (ƙungiyar ƙasashen yankin masu cin sefa) ya sa bankuna suka taƙaita cire kuɗi har aka ɗage shi a Fabrairu 2024.

Abin da ya faru daga baya ya zo ta inda ba a zata ba. Kamfanonin kanta ne suka shiga salula, da manhajoji irin su MyNita da AmanaTa, bayan sun riga sun mallaki rassa da amincewar jama'a. Ɗan kasuwa a Tawa yau yana iya biyan mai kayansa a Yamai yana zaune a shago, saboda ya san in yana son takardun kuɗi akwai reshe kusa. Manhajar tana buƙatar babbar waya da intanet, don haka ta fi ƙarfi a gari. A ƙarshen Satumba 2025 BCEAO ya ƙaddamar da tsarin PI-SPI, wanda aka tsara domin tura kuɗi nan take tsakanin banki da asusun salula na kamfanoni daban-daban a ƙasashe 8 na UEMOA. Zai rage wa mai aikawa yawo tsakanin kantuna, wakili kuma zai iya juya kuɗin layinsa zuwa banki ba tare da jiran dila ba. Ɗauko takardun kuɗin daga banki zuwa kasuwar ƙauye kuwa har yanzu aikin babur ne da mota, kuma ladan cirewa ne ke biyan wannan tafiya.