Rikicin albashi da canjin wurin aiki a ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa

Wannan shi ne saɓanin da kan shiga tsakanin ma'aikaci da ƙungiyar ƙasa da ƙasa da ta ɗauke shi, a kan haƙƙinsa na kuɗi ko tura shi wani gari ba da son ransa ba. Batun ya shafi mutane da yawa a Yamai, inda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su PNUD (raya ƙasa), UNICEF (yara), PAM (abinci), HCR ('yan gudun hijira) da OMS (lafiya) suke da ofisoshi, wasu har da rassa a Tahoua, Maradi da Diffa.

Abin da ya fi ɗaure wa sabon ma'aikaci kai shi ne kotun ƙwadago ta ƙasa ba ta da hurumi a shari'arsa. Yarjejeniyar 1946 ta ba Majalisar kariya daga kotunan ƙasashe, don haka a cikin gida ake kai kuka. Tun 1 ga Yuli 2009 akwai kotu mai hawa biyu: ta farko tana zama a New York, Geneva da Nairobi, sai ta ɗaukaka ƙara a samanta. Can ma'aikatan PNUD, UNICEF da HCR suke zuwa. Na OMS da PAM kuwa, ƙofarsu kotun Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ce a Geneva, wadda ta gaji kotun da aka kafa a 1927, a zamanin Ƙungiyar Ƙasashe da ta gabaci Majalisar.

Tushen yawan ƙorafi yana cikin yadda ake yanka albashi. Ma'aikacin da aka kawo daga waje ana auna nasa da na gwamnatin tarayyar Amurka, a ƙara masa kuɗin tsadar gari da na wahalar wuri. Ɗan ƙasa kuwa, direba ne ko akawu, ana duba abin da manyan ma'aikatun garin suke biya. Mutum biyu a mota ɗaya kan hanyar Tahoua, haɗari ɗaya, amma aljihu ya sha bamban. Su kansu manyan ba su tsira ba: rage kuɗin tsadar Geneva a 2017 ya kai kotu, a 2019 kotun Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba ma'aikata gaskiya, a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta Majalisar ta yanke akasin haka a kan magana guda.

A kan canjin wuri, doka ta ba shugabanni dama mai faɗi, kuma kotu ba ta cika shiga ba sai an nuna mugun nufi, ramuwar gayya ko tsallake ƙa'ida.

Wa'adi ne ke kayar da mutane. A tsarin Majalisar, kwana 60 kacal ma'aikaci yake da su daga ranar da aka sanar da shi hukuncin don neman a sake dubawa, sannan kwana 90 bayan amsa don shigar da ƙara. Wanda ya tsaya haƙuri da neman a sa baki, kamar yadda muka saba, sai ya tarar ƙofa ta rufe, ga shi akwai lauyoyin da ofishin taimakon ma'aikata ke bayarwa kyauta. Diyya ba ta cika wuce albashin shekara 2 ba.

Waɗanda aka ɗauka a matsayin masu ba da shawara ko 'yan kwangila, waɗanda aiki mai yawa ke wuyansu, ba a lissafa su cikin ma'aikata. Waɗannan kotuna ba sa sauraronsu, sai dai sulhu ko alƙalin sasanci da takardar aikinsu ta ambata, hanyar da kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinsu.