Mercedes-Benz 300 SL: sauye-sauyenta da tarihin tserenta, 1952 zuwa 1963

Mercedes-Benz 300 SL mota ce mai kujera biyu wadda kamfanin Daimler-Benz na birnin Stuttgart a ƙasar Jamus ya ƙera tsakanin shekarar 1952 da 1963. Da farko an yi ta ne don tsere kawai, daga baya aka fitar da ita kasuwa a siffa biyu: mai rufi wadda ƙofofinta ke ɗagawa sama kamar fukafukan tsuntsu, daga 1954 zuwa 1957, da kuma marar rufi, daga 1957 zuwa 1963. Lambar 300 tana nuni ne ga girman injin, wato lita uku, haruffan SL kuwa taƙaitawa ce ta kalmomin Jamusanci masu ma'anar rashin nauyi. Saboda yanayin ƙofofin nan ne Jamusawa suke kiranta Flügeltürer, Amurkawa da Ingilishi suke ce mata Gullwing, Faransawa kuma Papillon, wato malam-buɗe-littafi. Kamfanin da ya yi ta shi ne dai wanda Hausawa suka fi sani da Marsandi.

Asali

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Daimler-Benz sun ragargaje, kuma sai a 1951 hukumar kamfanin ta amince a koma fagen tsere. Kuɗin ƙera sabon inji da sabuwar giya ba su samu ba, don haka injiniya Rudolf Uhlenhaut ya ɗauko abin da ke hannu, wato injin mai silinda shida da giya da ƙafafun babbar motar alfarma ta kamfanin mai lamba 300, wadda shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Konrad Adenauer ya shahara da hawa. Kayan nan masu ƙarko ne, sai dai suna da nauyi, injin kuma ko bayan an yi masa gyare-gyare an sa masa kafireto uku bai wuce ƙarfin doki 170 da 'yan kai ba, alhali motocin Ferrari da Jaguar na lokacin sun fi shi ƙarfi. Da yake ba a iya rage nauyin injin ba, sai Uhlenhaut ya rage na sauran motar. Ya haɗa ƙashin motar da siraran bututun ƙarfe masu yawa waɗanda aka yi wa walda kusurwa uku-uku, ta yadda kowane bututu ko dai ana jan sa ne ko ana danna shi, ba a lanƙwasa shi; ƙashin gaba ɗaya ya tsaya a wajen kilo 50. Aka kishingiɗar da injin zuwa hagu da digiri 50 domin gaban motar ya yi ƙasa, aka lulluɓe ta da bodin alminiyam mai santsi da iska ba ta samun abin kamawa a jikinsa.

Daga wannan ƙashi ne ƙofofin suka samo asali. Ƙarfinsa yana cikin bututun da suka ratsa gefen motar har kusan tsayin gwiwar hannun direba, kuma da an yanke su don a buɗe ƙofa irin wadda aka saba da sai motar ta rasa ƙarfinta. Mafitar da ta rage ita ce a maƙala ƙofar a rufi ta riƙa ɗagawa sama. Abin da daga baya ya zama adon motar da alamarta, a farkonsa tilas ce ta kawo shi. A motocin farko ƙofar ba ta wuce taga da ɗan yankin rufi ba, direba yana haurawa ne ya zura jikinsa ta sama, sai gabanin tseren Le Mans na Faransa aka ƙara mata tsawo zuwa ƙasa.

Shekarar 1952

An nuna motar, mai lambar kamfani W194, ga 'yan jarida a watan Maris na 1952, kuma guda goma aka ƙera don tseren wannan shekara a ƙarƙashin jagorancin Alfred Neubauer, wanda ya riƙe tawagar tseren kamfanin tun kafin yaƙi. Fitarta ta farko ita ce Mille Miglia ta Italiya a watan Mayu, tseren mil dubu a kan titunan jama'a daga Brescia zuwa Roma da dawowa, inda Karl Kling ya zo na biyu a bayan Giovanni Bracco mai tuƙa Ferrari, Rudolf Caracciola kuma ya zo na huɗu. Makonni biyu bayan haka, a Bern ta Suwizalan, motocin suka kwashe matsayi na ɗaya da na biyu da na uku, amma a nan ne Caracciola ya kauce hanya ya daki bishiya ya karye a ƙafa, abin da ya kawo ƙarshen tserensa.

A tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, cikin watan Yuni, Mercedes ba ita ce mafi gudu ba. Bafaranshe Pierre Levegh ne ya daɗe yana kan gaba a motarsa Talbot-Lago, yana tuƙi shi kaɗai ba tare da ya miƙa wa abokin tuƙinsa sitiyari ba, har sai da ya rage kusan awa ɗaya a tashi injinsa ya lalace. Hermann Lang da Fritz Riess suka yi na ɗaya, Theo Helfrich da Helmut Niedermayr suka yi na biyu, wannan kuwa shi ne karo na farko da motar Jamus ta ci wannan tsere. A watan Agusta, a filin tseren Nürburgring na Jamus, an yanke wa motocin rufi don rage nauyi, suka ɗauki matsayi huɗu na farko, Lang yana gaba.

Tseren da ya fi zama a bakin mutane shi ne Carrera Panamericana ta ƙasar Meziko a watan Nuwamba, tafiyar kilomita 3,111 cikin kwana biyar daga Tuxtla Gutiérrez a kudu zuwa Ciudad Juárez a kan iyakar Amurka. A zangon farko, Kling yana gudun kusan kilomita 200 a awa ya shiga wata doguwar kwana, sai ungulayen da ke zaune a bakin hanya suka tashi, ɗaya ta faso gilashin gaba ta bugi mai duba masa hanya, Hans Klenk, a fuska har ya suma na ɗan lokaci. Da ya farfaɗo, jini yana zuba, ya ce wa Kling ya ci gaba da tafiya, ba su tsaya ba sai a wurin canjin taya. Kafin zango na gaba makanikai suka kafa sandunan ƙarfe takwas a tsaye a gaban sabon gilashin, kamar tagar kurkuku, kuma da su motar ta ƙarasa tseren. Kling da Klenk suka yi nasara da matsakaicin gudun kilomita 165 a awa, Lang ya bi su a matsayi na biyu. Klenk ya riga ya bi hanyar ya rubuta kowace kwana da kowane rami a takarda, yana karanta wa direba tun kafin su iso, dabarar da ta zama ruwan dare a tseren hanya daga baya.

Da wannan aka rufe babin W194. An ƙera mota ta goma sha ɗaya don shekarar 1953, mai siririn jiki da injin da ke fesa mai kai tsaye, amma ba ta taɓa shiga tsere ba, domin kamfanin ya karkata ga gasar Formula 1 ta 1954.

Mai fukafukai, 1954 zuwa 1957

Wanda ya matsa a mayar da motar tseren ta sayarwa shi ne Max Hoffman, dillalin Mercedes a New York, wanda ya san cewa attajiran Amurka suna neman irin wannan mota. An nuna ta a baje kolin motoci na New York ranar 6 ga Fabrairu 1954, tare da ƙanwarta 190 SL mai silinda huɗu, aka kuma fara ƙera ta a masana'antar Sindelfingen a watan Agusta, da lambar kamfani W198. Farashinta a Jamus mak 29,000 ne, kuɗin ƙasar na lokacin.

Babban bambancinta da motar tseren yana cikin injin. An cire kafireto an sa famfon Bosch mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda, fasahar da Jamusawa suka ƙware a kanta a injinan jiragen yaƙi, kuma ita ce motar kasuwa ta farko mai inji mai bugu huɗu da ta zo da wannan tsari. Ƙarfin injin, mai girman cc 2,996, ya kai doki 215, wato motar kasuwa ta fi wadda ta ci Le Mans ƙarfi, gudunta kuma yana iya kaiwa kilomita 260 a awa idan an zaɓi giyar baya mafi tsawo. Bodin na ƙarfe ne, sai murfin inji da ƙofofi da murfin but da aka yi da alminiyam. Guda 29 ne kacal aka yi wa bodin alminiyam gaba ɗaya don masu niyyar tsere.

Kamfanin bai bi al'adar Amurkawa ta sauya fasalin mota kowace shekara ba, gyare-gyaren suna shigowa ne a tsakiyar aiki duk lokacin da aka ga buƙata. Motocin farko na 1954 sun zo da dogon sandan giya mai lanƙwasa da ya fito daga ƙarƙashin allon gaba, ba a daɗe ba aka maye gurbinsa da gajere a tsakanin kujeru. Abin da ya fi sauyawa daga shekara zuwa shekara shi ne yawan da ake ƙerawa: ƙasa da 200 a 1954, fiye da 800 a 1955, 300 da 'yan kai a 1956, sai ƙasa da 100 a 1957, jimilla 1,400, kuma kusan kashi huɗu cikin biyar sun tafi Amurka.

Saukar adadin nan bayan 1955 yana da dalili, domin mota ce mai wuyar zama da ita. Shiga cikinta sai mutum ya zauna a kan faffaɗan dokin ƙofa ya juyo da ƙafafunsa ciki, shi ya sa aka yi sitiyarin yana karyewa ƙasa don gwiwa ta samu hanya. Gilasan gefe ba sa sauka, sai dai a cire su gaba ɗaya, kuma zafin inji yana cika ɗakin a lokacin bazara. But ɗin ya tafi ga tayar ajiya da tankin mai na lita 130. Famfon man yana ci gaba da fesawa na ɗan lokaci bayan an kashe inji, fetur ya gangara ya tsinka baƙin mai, don haka ake canza shi kusan kowane kilomita 1,600. Mafi haɗari shi ne ƙafar baya, wadda aka gada daga babbar motar: idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana da gudu, tayoyin baya kan karkace su rage kama ƙasa, bayan motar ya juyo. Gwanaye sun san yadda ake bi da ita, amma ba kowane mai kuɗin sayenta ne gwani ba.

Duk da haka ta yi abin kirki a tsere, galibi a hannun masu zaman kansu da kamfanin ke tallafa wa. A Mille Miglia ta 1955 Ba'amurke John Fitch ya zo na biyar a jimilla kuma na ɗaya a ajinsa da motar da ba ta da bambanci da ta kanti. Olivier Gendebien na Beljiyam ya ci tseren hanya na Liège–Rome–Liège a 1955, ɗan ƙasarsu Willy Mairesse ya maimaita a 1956. Werner Engel ya zama zakaran tseren hanya na Turai a 1955, Walter Schock da Rolf Moll suka gaje shi a 1956, shekarar da suka ci tseren Acropolis a Girka, Stirling Moss kuma ya zo na biyu a zagayen Faransa na motoci. A Amurka, Paul O'Shea ya riƙe kambun ajinsa a 1955 da 1956.

Ana yawan rikita ta da 300 SLR ta 1955, wadda Moss ya ci Mille Miglia da ita cikin awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48. Suna ne kawai ya haɗa su, domin SLR tana da silinda takwas kuma daga motar Formula 1 aka samo ta. Irin wannan SLR ce Levegh, wanda a wannan karon Mercedes ta ɗauke shi, yake tuƙawa a Le Mans ranar 11 ga Yuni 1955 lokacin da ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, shi da mutum fiye da 80 suka rasu. A ƙarshen shekarar kamfanin ya janye daga manyan gasanni.

Marar rufi, 1957 zuwa 1963

Motar da aka nuna a baje kolin Geneva a watan Maris na 1957, a kan mak 32,500, kusan amsa ce ga kowane ƙorafi da aka yi a kan ta farko. An sake tsara bututun gefe aka saukar da su har ƙofa ta gari mai gilashi mai hawa da sauka ta samu wuri, aka rage tankin zuwa lita 100 don a sami but, aka kuma sa fitilun gaba dogaye a tsaye. Ƙafar baya ta koma mai mahaɗa ɗaya da aka saukar ƙasa, tare da ƙarin sifirin a kwance, abin da ya rage mata halin juyewa a kwana sosai. Ladan wannan duka shi ne ƙarin nauyi na fiye da kilo 100.

A nan ne sauye-sauyen shekara suka fi fitowa fili. A 1958 aka fara sayar da rufin ƙarfe da ake ɗorawa a cire. A watan Maris na 1961 birki mai faifai na Dunlop ya maye gurbin mai ganga a ƙafafu huɗu, gyaran da ya yi jinkiri idan aka tuna cewa Jaguar ta ci Le Mans da irinsa tun 1953. A watan Maris na 1962 gangar injin ta koma ta alminiyam, wanda ya rage nauyin gaba; motocin da suka haɗa wannan inji da birki mai faifai su ne masu tara tsofaffin motoci suka fi nema a cikin marasa rufi. An ƙera marasa rufi jimilla 1,858.

Tarihin tserenta gajere ne. An yi wasu biyu marasa nauyi da aka kira 300 SLS, aka cire musu bamba da gilashin gaba da kujerar fasinja, O'Shea ya ci kambunsa na uku a jere da su a Amurka a 1957. Bayan nan Ferrari 250 GT ta mamaye wannan aji, 300 SL kuma ta koma motar yawon attajirai da taurarin fim. Ta ƙarshe ta fito daga Sindelfingen ranar 8 ga Fabrairu 1963, kuma a watan Maris na shekarar aka gabatar da 230 SL a Geneva, wadda ta gaji 300 SL da 190 SL a lokaci guda.