Ma'anar "Manaja" a Ƙwallon Ingila, da Yadda Kalmar Ta Girma a Arsenal

Wata ranar Lahadi a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu, bayan Arsenal ta ɓarar da maki a gida, wani matashi ya miƙe yana faɗa cewa laifin koci ne, me ya hana shi sayen ɗan wasan gaba tun kasuwa na buɗe. Wani dattijo da ba ya fashin zuwa kallo ya juyo ya ce masa: "Yaro, sayen ɗan wasa ba aikin koci ba ne, aikin manaja ne." Matashin ya ce: "Haba Baba, ai duk ɗaya ne." Dattijon ya girgiza kai kawai, bai ƙara ba. Shi ne mai gaskiya, kuma bambancin da yake nufi ya fi shekara 100 ana ja-in-ja a kansa a Ingila.

Mu a Hausa mun san manaja tun kafin mu haɗa shi da ƙwallo. Akwai manajan banki, manajan gidan mai, manajan otal, wato mutumin da aka damƙa wa ma'aikata da kuɗi da yanke shawara, wanda in abu ya lalace shi ake nema. Koci kuwa, ko mai horarwa, aikinsa a filin atisaye yake: ya koyar, ya tsara salon wasa, ya fitar da 'yan wasa 11 ranar wasa. Manaja a ƙwallon Ingila shi ne wanda ya haɗa hulunan biyu a kai ɗaya. Shi ke horarwa ko ya ɗauki masu horarwa, shi ke zaɓen wanda zai buga, shi ke cewa a sayo wane a sayar da wane, kuma muryarsa na kaiwa har kan albashi da makarantar yara ta ƙungiya. A sauran ƙasashen Turai ba haka aka saba ba. A Jamus ma kalmar manaja tana nufin jami'in ofis mai kula da ciniki, kamar yadda Uli Hoeness ya riƙe muƙamin a Bayern Munich daga 1979 zuwa 2009, alhali wasu ne daban ke horar da 'yan wasa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a Ingilar ma manaja bai fara da wannan iko ba. Ya fara ne a matsayin magatakarda.

A 1886 wasu ma'aikatan masana'antar ƙera makamai ta gwamnati da ke Woolwich, a kudu maso gabashin Landan, suka kafa ƙungiyar ƙwallo suka sa mata suna Dial Square, sunan wani sashe na ma'aikatar tasu. Jagoransu wani ɗan Sikotland ne, David Danskin, wanda ya zama kyaftin ɗinsu na farko. Labarin da ƙungiyar ke bayarwa shi ne mutum 15 suka yi karo-karo, kowa ya ba da sisi, Danskin ya ƙara sule 3 daga aljihunsa, aka sayi ƙwallo. Sisin nan da sulen nan su ne dai irin waɗanda kakanninmu suka kashe a kasuwar Kurmi zamanin Turawa. Sun yi wasansu na farko a watan Disamba na shekarar, suka ci Eastern Wanderers 6-0. Daga nan suna ya koma Royal Arsenal, sannan Woolwich Arsenal. Sun fara biyan 'yan wasa a 1891, a 1893 kuma suka shiga rukuni na biyu na gasar ƙasa, su ne ƙungiyar farko daga kudancin Ingila da ta shiga.

A duk tsawon wannan lokaci ba su da wani wai shi manaja. Kwamiti ne ke zama ya zaɓi waɗanda za su buga ranar Asabar. Sakatare ke rubuta wasiƙu, ya shirya wasanni, ya sayi tikitin jirgin ƙasa, ya ƙirga kuɗin ƙofa, ya biya albashi. Akwai kuma wani da ake kira tirena, mai bokiti da soso, wanda aikinsa ya sa 'yan wasa gudu da tsalle a tsakiyar mako, ya gasa musu targaɗe. Dabarar wasa kuwa ta kyaftin ce da manyan 'yan wasa, a cikin fili suke shirya abinsu. Ko da akwai mai son gyara daga gefe, babu abin da zai iya yi sosai, domin sai a 1965 aka yarda da canjin ɗan wasa a gasar Ingila. Wanda ya ji rauni ko dai ya daure yana ɗingishi a gefen fili, ko ƙungiya ta ƙarasa da mutum 10.

Daga kujerar sakataren nan manaja ya fito, shi ya sa tsofaffin takardu ke haɗa sunayen biyu su ce sakatare-manaja. Babban misali shi ne George Ramsay na Aston Villa, wanda ya riƙe kujerar kusan shekara 40 har zuwa 1926, ƙungiyar ta ci gasar ƙasa 6 da kofin FA 6 a zamaninsa, amma a hukumance kwamiti ke da ta cewa wajen zaɓen 'yan wasa. Don haka in ka ga an jera sunansa da su Alex Ferguson a cikin waɗanda suka fi cin kofuna, lissafin daidai ne, sai dai aikin da suka yi ba iri ɗaya ba ne.

Arsenal ta ɗauki manajanta na farko mai cin albashi a 1897, Thomas Mitchell, wanda ya yi suna a Blackburn Rovers. Bai cika shekara ba ya tafi. William Elcoat ma bai daɗe ba. Harry Bradshaw ne ya zauna daga 1899 ya kai su rukuni na ɗaya a 1904, sannan ya koma Fulham. Phil Kelso ya kai su wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA sau biyu a jere, 1906 da 1907. George Morrell ya tarar da asusu babu komai, aka yi ta sayar da manyan 'yan wasa don a biya bashi, har ƙungiyar ta faɗi rukuni na biyu a 1913, faɗuwa ɗaya tilo a tarihinta. A shekarar ne kuma aka kwashe ta daga Woolwich zuwa Highbury a arewacin Landan. Ba Morrell ne ya yanke wannan shawara ba, shugaban ƙungiyar ne, Henry Norris, attajiri mai harkar gine-gine, wanda shi ne kuma ya yi ruwa ya yi tsaki har aka mayar da Arsenal rukuni na ɗaya ta hanyar ƙuri'a a 1919.

In kana son ganin yadda manaja yake a wancan zamani, dubi Leslie Knighton, wanda ya yi aiki ƙarƙashin Norris daga 1919 zuwa 1925. Knighton da bakinsa ya ba da labari daga baya cewa Norris ya gindaya masa sharaɗi kada ya kashe fiye da fam 1,000 a kan ɗan wasa ɗaya, kuma kada ya ɗauko wanda tsawonsa bai kai ƙafa 5 da inci 8 ba. Ka duba fa, mutum yana amsa sunan manaja amma ana auna masa 'yan wasa da magwaji kamar yadi. Ƙungiyar ta ƙare a ta 20 cikin 22 a 1925, aka sallame shi. Ni ina tausaya wa Knighton, domin an ɗora masa laifin kayan da ba shi ya ɗaura ba.

Sai Norris ya sa talla a jarida yana neman sabon manaja, har da gargaɗin cewa wanda ba ya iya gina ƙungiya sai da kashe maƙudan kuɗi kada ma ya nema. Wanda ya samu shi ne Herbert Chapman, a kan albashin fam 2,000 a shekara.

An haifi Chapman a 1878 a Kiveton Park da ke yankin Yorkshire, mahaifinsa mai haƙar kwal ne, shi kuma ya karanci injiniyancin ma'adinai. A matsayin ɗan wasa bai yi wani tashe ba. Ya fara riƙe Northampton Town a 1907, ya je Leeds City, sannan Huddersfield Town, inda ya ci kofin FA a 1922 da gasar ƙasa a 1924 da 1925. Saboda haka bai zo Highbury yana roƙo ba, ya zo da abin nunawa. Cinikinsa na farko shi ne Charlie Buchan daga Sunderland, mutum mai shekara 33, a kan fam 2,000 da ƙarin fam 100 a kan kowace ƙwallo da ya ci a kakar farko. Buchan ya ci 21, kuɗin ƙarin ya zarce na asali.

A wannan shekara ta 1925 aka sauya dokar satar gida. Da sai da 'yan wasan hamayya 3 tsakanin ɗan gaba da layin raga, sai aka rage zuwa 2, ƙwallaye suka fara zuba kamar ruwan Agusta. A watan Oktoba Newcastle ta lallasa Arsenal 7-0. Bayan wasan Chapman ya zauna da Buchan, suka yanke cewa ɗan wasan da ke tsakiyar fili ya koma baya ya tsaya tsakanin masu tsaron baya biyu, 'yan gaba biyu kuma su ɗan janyo baya su cike gurbinsa. Wannan tsari ne ya zama abin da ake kira WM, saboda in ka kalli jerin 'yan wasan daga sama kamar haruffan biyu suke. Herbie Roberts ne ya shahara a wannan sabon gurbi. Abin lura a nan ba tsarin kaɗai ba ne. Dabarar wasa ta tashi daga hannun kyaftin da kwamiti, ta koma teburin mutum ɗaya wanda ke tara 'yan wasansa kowane mako su tattauna wasan da ya wuce da wanda ke tafe, kowa ya faɗi ra'ayinsa, shi kuma ya yanke hukunci.

Da aka raba Norris da harkar ƙwallo a ƙarshen shekarun 1920 saboda badaƙalar kuɗi, sai hannun Chapman ya ƙara sakewa. Ya sayo David Jack daga Bolton a 1928 a kan sama da fam 10,000, farashin da ba a taɓa biya wa ɗan wasa ba a lokacin. A 1929 ya kawo Alex James daga Preston da wani yaro ɗan shekara 17, Cliff Bastin, daga Exeter. Arsenal ta ci babban kofinta na farko, kofin FA na 1930, ta doke tsohuwar ƙungiyarsa Huddersfield 2-0 a Wembley, sannan gasar ƙasa a 1931 da 1933. Bai tsaya a fili ba. Shi ya gwada sa lamba a bayan riga a 1928, shi ya ƙara fararen hannuwa a jar rigar a 1933, waɗanda har yau yaranmu ke sawa a filayen unguwa, shi ya matsa har aka sauya sunan tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Gillespie Road zuwa Arsenal a 1932. Mutumin da ke tunanin wanda zai tare ɗan gaban Newcastle shi ne kuma ke tunanin sunan tashar jirgi. Wannan faɗin aiki shi Turawan Ingila ke nufi tun daga lokacin in suka ce manaja.

Ya rasu ranar 6 ga Janairun 1934 yana da shekara 55, sanadin ciwon huhu da ya kama shi bayan ya fita cikin sanyi kallon wasa alhali yana fama da mura. Joe Shaw, ɗaya daga cikin masu horarwa na ƙungiyar, ya ƙarasa kakar aka sake cin gasar. Wanda ya gaji Chapman, George Allison, ɗan jarida ne kuma mai sharhin wasanni a rediyon BBC, bai taɓa zama fitaccen ɗan wasa ba. Ya riƙe ofis da ciniki da hulɗa da jama'a, ya bar horarwa a hannun Shaw da Tom Whittaker, kuma a haka ya ci gasar 1935 da ta 1938 da kofin FA na 1936. Ga manaja cikakke wanda ba koci ba ne, kuma wannan kaɗai ya isa hujja ga dattijon gidan kallonmu.

Ba a rana ɗaya wannan iko ya bazu ko'ina ba. Matt Busby ya nemi irinsa a matsayin sharaɗi kafin ya karɓi Manchester United a 1945. Tawagar ƙasar Ingila ma ta naɗa Walter Winterbottom manaja a 1946, amma kwamiti ya ci gaba da zaɓa masa 'yan wasa, sai da Alf Ramsey ya zo a 1963 ya karɓi cikakken iko, bayan shekara 3 ya ci kofin duniya.

Yawancinmu ta kan Arsene Wenger muka san Arsenal, musamman bayan ya ɗauko Nwankwo Kanu daga Inter Milan a 1999. Daga 1996 zuwa 2018 Wenger ya yi manaja irin na Chapman: abincin 'yan wasa, sabon filin atisaye na London Colney, cinikin 'yan wasa, har ƙaura zuwa filin Emirates a 2006, duk da sa bakinsa. Amma ƙwallo ta zama harkar biliyoyi, masu kuɗi ba sa son dukiyarsu ta rataya a wuyan mutum ɗaya da za a iya kora gobe. Shi ya sa ƙungiyoyin Firimiya da dama suka koma tsarin Turai, a naɗa daraktan wasanni ya kula da ciniki, a ɗauki babban koci ya kula da fili. Ina ganin akwai hikima a ciki, sai dai ba adalci ba ne a hana mutum zaɓen 'yan wasansa sannan a kore shi in ba su yi ƙoƙari ba, wanda shi ne ainihin abin da aka yi wa Knighton.

Da Wenger ya tafi, Unai Emery bai gaji sunan muƙaminsa ba, babban koci aka kira shi. Mikel Arteta ma da wannan suna ya zo a watan Disamban 2019. Bayan ya ci kofin FA a watan Agustan 2020, sai a watan Satumba ƙungiyar ta sanar cewa daga yanzu shi manaja ne. Atisayen da yake bayarwa bai sauya ba, wurin zamansa a gefen fili ma bai sauya ba. Abin da ya ƙaru shi ne ya samu kujera kusa da Edu, daraktan ƙungiyar na lokacin, a teburin da ake yanke wanda za a sayo da wanda za a sallama.