Allura ta hau ja: injin ne ya yi zafi ko sensa ce ke ƙarya?

Ina cikin tafiya allurar zafi ta hau ja, me zan fara yi?

Ka kashe AC, ka samu gefe ka tsaya ka kashe mota. In babu wurin tsayawa nan take toh kunna hita ta cikin mota har ƙarshe, tana janye zafi kaɗan daga injin. Don Allah kar ka taɓa murfin lagireto sai injin ya huce, ruwan da ke ciki a matse yake kuma ya wuce digiri 100, kana murɗawa zai yi tsartuwa ya sale maka hannu da fuska.

To ya zan gane zafin gaske ne ko sensa ce kawai?

Nan ne mutane ke asarar kuɗi wallahi, wani ya canza lagireto alhali waya ce ta ci tsatsa, wani kuma ya ce ai sensa ce ya ci gaba da tuƙi har gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Duba yadda allurar ta hau. Inji ƙarfe ne da ruwa, ba ya zafi cikin daƙiƙa biyu, in ka ga allura ta yi tsalle lokaci ɗaya ta dawo, ko tana rawa duk sanda ka faɗa rami, ko da safe ka murɗa makulli ta nuna zafi alhali motar kwana ta yi a ajiye, wannan sensa ce ko wayarta. Zafin gaske a hankali yake hawa, kuma yana zuwa da shaida: ruwa na ɓulɓula a tankin roba, tururi, wani wari mai zaƙi-zaƙi, mota ta rage ƙarfi. Lafiyayyen inji yana aiki ne wajen digiri 90 zuwa 105.

Bakanike ya canza sensa amma ba abin da ya canza, me ya sa?

Wacce ya canza? Tsofaffin motoci da yawa ba sensa ɗaya gare su ba. Akwai mai waya ɗaya da allurar dashbod kaɗai take wa aiki, akwai mai waya biyu da ke kai labari ga kwamfutar mota, wasu ma akwai ta uku da ke kunna fanka. In mai waya biyun ta lalace tana cewa injin da sanyi, kwamfuta sai ta yi ta zuba mai, ka ga baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, fanka ta ƙi tashi, injin ya yi zafi da gaske. Kenan sensa na iya yin ƙarya, kuma tana iya jawo zafin da kanta.

Auna mai waya biyun ba wuya. A cire soket a sa mitar lantarki a kan om, wato ma'aunin yadda abu ke tare wuta: da sanyi, wajen digiri 20, yawancinsu suna ba da om 2,000 zuwa 3,000, in injin ya ɗau zafi sai ya sauko wajen 200 zuwa 300. Bai sauko ba, ta mutu. A leƙa cikin soket ɗin ma, in ƙarafunan sun yi kore a goge su tukuna. Motar da ke da OBD2 kuma, wato soket ɗin karanta matsala daga kwamfutar mota, a jona na'ura, lambobin matsala P0115 zuwa P0119 duk na layin wannan sensar ne.

Sai a gosulo take zafi, a buɗaɗɗen titi lafiya lau?

Fanka. Duba fiyus, rile, sannan motar fankar. In akasin haka ne, wato sai kana gudu ko hawan tudu, ka zargi lagireto da ya toshe, ko famfon ruwa da fukafukansa suka cinye, ko fambel da ya saki.

An ce in cire tamostat gaba ɗaya in huta?

Ni dai ban yarda ba ko kaɗan. Aikinsa ya riƙe ruwa har injin ya kai wajen digiri 82 zuwa 90 sannan ya buɗe, in babu shi injin zai daɗe da sanyi, ya sha mai, ya ci kansa, kuma ainihin matsalar tana nan ka rufe ta ne kawai. In ana zarginsa a jefa shi a tukunyar ruwa a dafa, wanda bai buɗe ba kafin ruwan ya tafasa a sa sabo.

Ruwa yana raguwa kuma ban ga yoyo ba fa?

Fara da murfin lagireto, robarsa in ta tsage ba ya riƙe matsi, ruwa sai ya tafasa da wuri ya fice. In ba shi ba ne, zaro sandar baƙin mai ka duba, in man ya koma kamar shayi da madara, ko salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto ba tsayawa, gasket ne, kar ka ƙara tada motar.

Sannan duk sanda aka zuba sabon ruwa a tabbatar an fitar da iska, don sensar da ke zaune cikin iska ba za ta karanta daidai ba, har allura ta iya nuna lafiya alhali injin na dahuwa. A sa kulant, wato sinadarin sanyaya inji, da ruwa rabi da rabi, zallan ruwa tsatsa yake haifarwa.