Uwaye Masu Goyo a Gidajen Gyaran Hali na Yankin Abuja

Mata kaɗan ne cikin fursunonin Najeriya, kusan kashi biyu cikin ɗari, kuma akasarinsu jiran shari'a suke yi. Matan da kotunan Abuja suka ba da umarnin a tsare, yawanci gidan gyaran hali na Suleja da ke Jihar Neja ake kai su, domin na Kuje maza ne suka fi yawa a cikinsa.

Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, ta tanadi a ware mata daga maza, a yi musu gwajin ciki yayin shigar da su, a kuma samar da ɗakin renon jarirai a sashen mata. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990, a sashe na 30, ta nemi alƙalai su fara duba hukuncin da ba na ɗauri ba idan mai laifin tana da ciki ko ƙaramin yaro, kuma Ƙa'idojin Bangkok kan kula da mata fursunoni, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2010, sun bi wannan hanya. Tanadin yana da kyau a takarda, sai dai aiwatarwa ta dogara ga kuɗi da saurin shari'a.

Bisa ƙa'idar da aka saba bi, jariri yana zama da mahaifiyarsa har ya kai wata 18, sannan a miƙa shi ga dangi ko hukumar jin daɗin jama'a. Wannan wa'adi bai kai shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata ga mai son cika shayarwa ba, don haka yaye kan zo wa uwar a lokacin da ba ita ta zaɓa ba. A nan ne zumunci yake ɗaukar nauyin. Mazhabar Malikiyya ta gabatar da kakar wajen uwa a haƙƙin reno idan uwa ta samu cikas, kuma al'adar Hausawa ta kai yaro yaye gidan kaka, ko ba da shi riƙo ga goggo ko inna, tana rage raɗaɗin rabuwar. Amma da yawa daga Hausawan da ke zaune a gefen Abuja, kamar Mararaba, Gwagwa ko Dei-Dei, cirani ne ya kawo su, danginsu suna Kano ko Katsina, saboda haka kuɗin mota da gudun tsegumi sukan sa ziyara ta yi wuya, wani lokaci ma a ce wa yaron mahaifiyarsa ta yi tafiya.