Kiran Haskell daga cikin C: tambayoyin wani ɗalibi a Yamai

Wani ƙanena da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ya rubuta manhajar lissafin shago da harshen C, daga baya ya ɗanɗana wani harshen rubuta manhaja mai suna Haskell, sai ya so haɗa su. Ya tsare ni da tambayoyi a fadarmu ta Yantala, shayi na kan gawayi.

Yaya, ta ina C zai kira Haskell?

Ta ƙofar da ake ce wa FFI, wato hanyar da harshe ɗaya ke kiran aikin da aka rubuta da wani harshe. Ta fara a matsayin ƙari kan Haskell 98, sannan ta shiga ƙa'idar Haskell 2010. A ce kana da aikin da ke mayar da sefa zuwa dala, yadda ake ciniki a kasuwar Katako: `dala n = div n 5`. Sai ka ƙara layin `foreign export ccall dala :: CInt -> CInt`. GHC, mai fassara rubutun Haskell zuwa harshen na'ura, zai fitar maka da fayil mai ƙarewa da `_stub.h`. Ka saka shi cikin C, ka kira `dala(1000)`, a ba ka 200, jika guda ke nan.

Shi ke nan?

Ina! C na Dennis Ritchie, tun 1972, shi kaɗai yake tafiya. Haskell kuwa da injinsa yake yawo, kuma sai an tayar da shi: `hs_init` kafin kiran farko, `hs_exit` bayan na ƙarshe. In ka kashe, GHC ba ya lamunce maka sake tayarwa a wannan zaman. Wurin haɗa fayilolin kuma, bar wa `ghc` aikin, ka ba shi `-no-hs-main` don ya san `main`, inda manhaja ke farawa, yana ɓangaren C.

To ina wahalar take?

A ƙwaƙwalwar ajiya. A C, abin da ka ajiye yana nan inda ka bar shi har ka ce `free`. A Haskell akwai mai shara da ke zagayawa ba sallama: ya zubar da abin da ba a buƙata, wanda ake buƙata kuma ya sake masa wuri. Adireshin da C ya riƙe ɗazu, yanzu ta yiwu kayan wani ne a wurin.

Shi ya sa ƙofar ba ta wuce da komai sai ƙananan abubuwa: `CInt`, `CDouble`, `CString`, `Ptr`. In kana son C ya riƙe babban abu na Haskell, ka yi masa `newStablePtr`. Kamar tikitin mai gadin babura ne a bakin kasuwa: ko ya matsar da babur ɗinka sau goma, da tikiti za ka karɓa. Amma ka mayar da tikitin ta `hs_free_stable_ptr`, in ba haka ba mai shara ba zai taɓa kayan ba, ƙwaƙwalwa ta yi ta cika.

OCaml fa? Malamanmu sun fi ambatonsa.

Ba mamaki, shi ma harshe ne irin Haskell, ɗan Faransa, daga cibiyar INRIA a 1996. Can kana rajistar aikin da `Callback.register`, C ya tayar da injin da `caml_startup`, ya nemo aikin da `caml_named_value`, ya kira da `caml_callback`. Lambar OCaml bit 63 ce a na'ura mai bit 64, don haka sai ta bi ta `Val_int` da `Int_val`.

Nan na taɓa shan wuya. Na manta `CAMLlocal`, wanda ke sanar da mai shara cewa C na riƙe da abu, a kan ƙima guda. Gwajin safe lafiya lau. Da kira ya yi yawa, mai shara ya motsa, manhaja ta faɗi a wani layi da ba ruwansa. Kwana biyu ina zargin kwamfutar.

In kuskure ya tashi a can ciki?

Ka tare shi tun a Haskell, ka mayar wa C lamba, misali -1. In ya tsallako ba a tare ba, duk manhajar ce za ta mutu. OCaml na da `caml_callback_exn` don wannan.

Ya dace in yi wa shagon haka?

Don raba lamba da 5, a'a, rubuta a C. Lissafin bashi da ragi mai sharuɗɗa da yawa kuwa, kai shi Haskell, ka tura bayanan yini a kira guda, ka karɓi sakamako a kira guda.